Mari a Ƙafar Motar Yaya

Motar Yaya ba ta taɓa tare wa kowa hanya ba, kuma ta riga rabin mutanen titinmu zuwa wurin. Wannan magana na yi ta maimaitawa ofis-ofis har muryata ta dushe, da ita kuma zan fara a nan, tunda takarda ba ta da tagar da za ta rufe mini a fuska.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne babba, ni ce auta, kuma har na yi jikoki Auta yake kirana. Sana'arsa yanka makulli da gyaran kwaɗo. Ni tela ce, ƙofar shagona tana kallon inda yake aiki, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Tun yana da ƙarfinsa ya sayi 'yar farar motar ɗaukar kaya, ta hannu, wai zai riƙa zagaya unguwanni yana yanka wa mutane makulli a ƙofar gida. Bai daɗe yana zagayen ba injin ya buga, daidai gaban shagona. Bakanike ya faɗi abin da zai ci, Yaya ya ce to bari a tara. Kafin a tara sai ya buɗe ƙofar baya, ya ajiye kujerarsa ta katako, ya ci gaba da aiki a nan. Kan ka ce kwabo motar ta zama kwatance. Mai zuwa shagona ma ce masa ake yi ya nemi motar Mai Makulli, tela tana bayanta. Daga baya da matarsa ta kwanta asibiti ya sayar da injin ɗungurum, aka bar gangar jiki. Amma duk mako sai ya wanke ta, ya kira mai faci ya ƙara wa tayoyin iska.

Ina tsokanarsa, in ce, "Yaya, yau kuma ina za ku?"

Ya ce, "Ke dai ɗinka rigarki. Raini ne a bar mota ƙafa a kwance."

Cikin motar nan ya fi ɗakin wasu tsari. Injin yanka makulli yana ɗaure da ƙusoshi a ƙasan motar, wutarsa daga shagona yake ja. A jikin bango akwai allo cike da makullan da ba a yanka ba, kowane iri da ƙusarsa. Ga magagarai manya da ƙanana, ga gwangwanayen madara cike da 'yan ƙarafunan cikin kwaɗo, ga kwalbar mai da gashin kaza a tsome. Duk kwaɗon da ya bi ta hannunsa sai ya shafa masa man nan kafin ya mayar, ko an biya ko ba a biya ba. Garin tagulla ya shige masa farce har ya zama kamar da shi aka haife shi.

Doka ɗaya gare shi a sana'a, kuma ita ce ta cinye shi. Ba ya buɗe kwaɗo sai mai shi yana tsaye, in kuwa mai shi yana tsaye ba ya mayar da shi. Mai gidan haya ya sha zuwa a buɗe masa ɗakin wanda bai biya ba, Yaya ya ce a zo da mai ɗakin. Mace ta sha zuwa da akwatin miji a mayafi, ya ce ta gaida maigidan, su dawo tare. Da mahaifiyarmu ta rasu, akwatinta na ƙarfe ya daɗe a tsakar ɗaki a kulle, don ɗan'uwanmu ɗaya cikin magada bai iso daga tafiya ba. Ni da nake son in ga ko zobenta yana ciki na yi fushi na gaji. A ɗaya ɓangaren kuma, mutumin da ya zage shi jiya in ya zo yau ya kulle kansa a waje, Yaya zai ɗauki jakarsa ya bi shi. Yakan ce wanda kwaɗonsa ya ƙi shi ya riga ya sha isasshen wulaƙanci.

Wata shekara hukuma ta tashi gyaran tituna. Aka ce namu ya cika cunkoso, za a ja layin rawaya a gefenmu, kada mota ta ƙara tsayawa. Ba wanda ya zo ya gaya mana. Ranar da masu fenti suka zo, Yaya ya tafi buɗe wa wata tsohuwa ƙofa, motar a rufe. Ina kallonsu daga kan keken ɗinki. Suka jawo layinsu tun daga kwana har ya taɓa bayan motar, suka tsaya suna shawara. Babbansu ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce a zagaya. Suka ɗauki bokitinsu suka koma gaban motar suka ci gaba. Layi ya shiga ta baya, ya ɓullo ta gaba, amma ƙarƙashin motar baƙar kwalta ce kamar yadda take tun fil azal. Ko a dokar tasu kuwa, inda ba layi ba laifi.

Da Yaya ya dawo na gaya masa, muka yi dariya. Har cewa ya yi hukuma ma ta san girman tsofaffi.

Dariyar ba ta yi nisa ba aka turo mana mai rubuta tara, wani saurayi da titinmu ya laƙaba wa Biro, ko da yake ba biro yake riƙewa ba, wata 'yar na'ura ce mai tofo takarda. Ya zo ya maƙale wa motar takarda a gilashi. Yaya ya miƙa masa kofin shayi, ya ce, "Ɗana, ɗan sunkuya ka duba. Ba fenti a ƙarƙashin nan."

Biro ya shanye shayin tas, ya ce, "Baba, ni ba aikin leƙen ƙarƙashin mota aka ɗauke ni ba. Ga layi nan, ga layi can, motarka na tsakiya."

Duk zagayen da zai yi sai ya ajiye wata. Yaya ya kafa ƙusa ta musamman yana soke su. Wasu suka ce ya tura motar wani wuri mana. Ina? Gaba layi, baya layi, ɗaya gefen kuma ko keke ba ya samun masauki. Ban da haka, mutane nan suka san shi. Kuma me zai sa ya gudu daga inda bai yi laifi ba?

Muka rubuta ƙorafi muka kai ofishin tara. Ni na raka shi, don na san halinsa, in aka ce masa ya dawo gobe sai ya yi godiya. Ofishin dogon zaure ne mai kujerun roba a manne da juna, da fanka ɗaya mai juyawa kamar ana roƙonta. Ka karɓi lamba, ka zauna har ƙafarka ta yi tsami, sannan a kira ka gaban tagar gilashi mai 'yar kafa a ƙasa, sai ka rusuna kafin a ji ka. Matar da ke bayan gilashin ba ta taɓa ɗaga mana murya ba, wannan na yarda. Ba ta kuma taɓa ɗaga kai ba. Ta karɓa, ta buga hatimi, ta ce za a duba.

Suna dubawa tarar tana haihuwa. Wadda ba a biya ba ta ninka, 'ya'yanta ma su ninka. Muka koma muka ce ai mun yi ƙorafi, aka ce ƙorafi daban, biya daban, ka biya tukuna in ka yi nasara a mayar maka. Da me zai biya? Mutumin da yake yanka makulli ɗaya-ɗaya, ga mata mai shan magani kullum. Ana haka aka aiko cewa an miƙa bashin ga wani kamfani mai karɓar bashi. Bashi, wai. Yaya da ko allura bai taɓa ci bashi ba.

Mutum biyu kamfanin ya turo. Ɗaya mai taushin murya, kullum da jaka a hammata, yana magana kamar mai gaida marar lafiya. Shi muke kira Mai Jaka. Ɗayan Dogo ne, shi ke ɗaukar ƙarfe. Suka sauke wani ƙaton abu ruwan ɗorawa da ake kama tayar mota da shi, wanda mutane ke kira mari, suka ɗaura a tayar gaba. Da suka ga motar ba nauyi, kada a ɗauke ta da marin gaba ɗaya, sai suka zura sarƙa ta cikinsa suka zagaya sandar fitilar titi, suka haɗa bakin da kwaɗo mai kaurin dunƙulen hannu.

Na fito da almakashi a hannu na ce, "Sannunku da aiki. Kun ɗaure gurgu kada ya tsere."

Mai Jaka ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, mu 'yan aike ne."

Yaya kuwa tsugunawa ya yi yana juya kwaɗon a tafin hannu. Ya ce, "Mai kyau ne. Amma ku riƙa sa masa mai, damina na tafe." Na ji kamar in kwaɗa masa almakashin.

Da a titi suka tsaya da da sauƙi. Sai da suka daidaici lokacin da yake wurin aiki suka je gidansa. Matarsa kaɗai ce a ɗaki, mai hawan jini. Suka yi sallama kamar baƙin arziki, ta ba su wurin zama, suka tashi suna shafa firiji da talabijin, suna ɗaukar hoto, suna tambayar katifar nan sabuwa ce. Da za su fita Mai Jaka ya tsaya a tsakar gida, inda matan 'yan haya ke wanki, ya bayyana musu cikin ladabi cewa maigidan nan ana bin sa bashi, in an ga an zo kwasar kaya kada a tsorata. Tun daga ranar matar Yaya ta daina fitowa shanya sai tsakar gida ta watse. Wayarsa kuma ba ta huta ba, yana cikin yanka makulli za ta yi ƙara, ya ajiye aiki ya saurari yaron kamfani, sa'ar ɗansa, yana koya masa muhimmancin cika alkawari.

Wannan karon ni na rubuta ƙorafin, kuma ban tauna ba. Ofishin tara suka ce ma'aikatan ba nasu ba ne, mu je kamfani. A kamfani wani mai gadi ya nuna mana akwati mai tsaga, muka jefa. Bayan 'yan kwanaki sai ga Mai Jaka a ƙofar shagona. Ya zuge jakarsa ya zaro takardata, da rubutuna da komai.

Ya ce, "Hajiya, an ce in bincika wannan koke. Kina da shaidar cewa ma'aikacin ya yi abin da kika ce?"

Na ce, "Ma'aikacin ai kai ne."

Ya ce, "To shi ya sa na san bai yi ba."

Na sha ganin rashin kunya a duniya, amma ban taɓa ganin wadda ta zo da sallama da murmushi irin wannan ba.

Ana nan sai ofishin tara ya tuna da ƙorafinmu na farko. Aka ce an sa mana ranar zama, mu zo da hoton da ke nuna babu layi a inda motar take. Ni da girmana da ciwon gwiwata na shimfiɗa buhu na kwanta a kwalta, na zura hannu da waya ƙarƙashin mota, mai shayi da mai faci suna ba ni shawarar in ƙara matsawa. Muka kai hoton tun kafin ranar, don a gani ko ya yi. Matar gilashi ta dube shi ta ce wannan duhu ne kawai, zai iya zama ƙarƙashin kowace mota a duniya. Abin da ake so, a matsar da motar gefe, a ɗauki wurin a sarari, bakin layi na baya da na gaba da motar duk su fito a hoto ɗaya.

Na ce, "An ɗaure ta da sandar fitila."

Ta ce, "Wannan tsakaninku da kamfani ne."

Kamfani kuma, ta bakin Mai Jaka, ya ce ba a cire mari sai an biya. Gaba kura, baya sayaki.

A hanyar dawowa dabara ta faɗo mini, dabarar da ko yaro zai gani. Da la'asar da kasuwa ta lafa na ja kujera kusa da shi.

Na ce, "Yaya, kwaɗon nan zai gagare ka?"

Ya ce, "Wannan? Kafin ki zura zare a allura."

"To buɗe. Mai faci da mai shayi su tura, in ɗauki hoto, a mayar da ita, ka rufe abinsu. Wa ya gani?"

"Titi ya gani."

"Titin ai namu ne. Wa zai kai ka ƙara?"

Ya ajiye magagarin hannunsa ya ce, "Auta, ba ƙara nake tsoro ba. Gidajen unguwar nan kusan duk na san cikin kwaɗonsu. Suna barci da ido biyu rufe don sun san hannun nan ba ya taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba. Ranar da suka ga na buɗe na wani a bayan idonsa, ko da na azzalumi ne, duk wanda aka yi wa sata sai na faɗo masa a rai."

Na ce, "In suka ɗauke motar fa? Da amanar za ka yanka makulli?"

Ya ce, "Ranar zama ta kusa. Zan yi musu bayani da bakina, ai mutane ne."

Na yi masa magiya, na haɗa shi da darajar mahaifiyarmu, na kawo masa matarsa ta yi kuka. Ya saurare mu duka, ya ba mu haƙuri kamar mu aka ɗaure wa mota. Haushin da na ji a ranar har yau bai gama sauka ba. Damina ta yi ta zuba a kan marin, tsatsa ta fara bin sarƙar, shi kuma kullum da safe sai ya tsallake ta ya buɗe ƙofar baya ya zauna.

Ranar zama saura ƙiris, da hantsi, sai ga janwe, motar jan motoci, ta shigo titinmu da baya tana ƙara. Mai Jaka ya sauko da takardar izinin kwashe mota da abin da ke cikinta. Na ce masa ai an sa mana rana. Ya ce ranar ta ofis ce, tasu ranar yau ce. Mutane suka fara taruwa, masu shaguna suka fito bakin ƙofa.

Dogo ya durƙusa ya zura makulli a kwaɗo. Ya murɗa, ya ƙi. Ya buga shi da dutse, ya sake murɗawa da ƙarfin da Allah ya ba shi, sai ji muka yi ƙas. Rabin makullin a hannunsa, rabi a ciki. Titi ya ɗauki shewa. Ni kam har na fara gode wa Allah a fili. Direban janwe ya leƙo ya ce shi haya aka yi shi, yana da wani aikin, in ba a shirya ba zai wuce. Mai faci ya ce su yanke sarƙar mana, yana dariya. Dogo ya ce kayan kamfani ne, in ya lalata a albashinsa za a cire, ga na makullin ma. Gumi ya jiƙa masa riga. Na san in janwen nan ta tafi, ba za su sake samun ta ba sai bayan zamanmu. Abin da muke nema ke nan, 'yan kwanaki, kuma tsatsa ta ba mu kyauta.

Sai Dogo ya ɗaga kai. Idonsa ya sauka a kan rubutun da ke jikin motar, wanda Yaya ya sa aka yi tun tana tafiya: ana yanka makulli, ana buɗe kwaɗo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo, murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Baba, don Allah."

Yaya ya ce, "Naka ne?"

"Na kamfani ne, amma ni aka damƙa wa. Ni zan biya."

"To mai shi na tsaye ke nan."

Na riƙe masa hannun riga. Na ce, "Yaya, kada ka yi. Ka ce ba ka iya ba. Ka ce idonka ba ya gani. Ka yi shiru kawai, shiru ai ba ƙarya ba ne."

Ya ce, "Auta, ban taɓa mayar da mai kwaɗo ba." Ya juya ga Mai Jaka ya ce, "Alfarma ɗaya. In na buɗe, ku bari a tura ta gefe ƙanwata ta ɗauki hoto, sannan ku yi aikinku."

Mai Jaka ya ce, "Buɗe dai tukuna, Baba, ba za a ji kanmu ba."

Ya shiga motar ya fito da 'yar jakar fata mai siraran ƙarafa da kwalbar mai. Ya durƙusa a inda Dogo ya tashi. Ya ɗiga mai, ya jira, ya zaro guntun makullin kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Ya zura ƙarfe biyu, ya karkata kai gefe yana saurare. Kwaɗon ya buɗe baki. Wallahi sai da ya tsoma gashin kazar nan ya shafe shi ciki da waje, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙa wa Dogo da hannu biyu.

Dogo ya karɓa bai iya kallonsa ba. Mai Jaka kuwa tuni ya ɗaga wa direba hannu. Kafin mai faci da mai shayi su kai ga bayan motar, an saƙala ƙugiya.

Na yi ihu na ce, "Alkawarin fa?"

Mai Jaka ya ce, "Hajiya, lokacin mai janwe muke ci."

Yaya ya nemi ya kwance injinsa, aka ce duk abin da ke ciki yana cikin takarda. Da ƙyar na fizge wayar wutata. Motar ta hau bayan janwe da tayoyinta cike da iska, makullan da ke allo suna kaɗawa muna ji har suka sha kwana. Aka bar shi tsaye da jakar fata a hannu ɗaya, kwalbar mai a ɗayan, da kujerar katako da Allah ya sa tana waje.

Ga wurin nan kuwa ya bayyana, kowa yana gani. Baƙar kwalta mai tsawon mota, layin rawaya ya tsaya cak a wannan baki, ya tashi a wancan. Biro ma yana cikin taron, ya duba ya ce, "Ashe da gaske ne." Na ɗauki hoto, duk da na san ihu ne bayan hari.

Ranar zama muka je da shi. Wani mutum mai tabarau ya karɓi wayar, ya faɗaɗa hoton da yatsu, ya yarda cewa lallai akwai giɓi a layin. Sai ya ce amma babu mota a hoton, ta yaya zai tabbatar a daidai giɓin take tsayawa, ba gaba ko baya ba? Na ce titi guda zai yi shaida. Ya ce ba a karɓar shaidar maƙwabta. Ya ƙara da cewa tunda an riga an kwashe motar, maganar ta bar hannunsu. Yaya ya yi bayanin da ya daɗe yana tanadi, tun daga ranar da injin ya buga. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya kira lamba ta gaba.

An yi gwanjon motar a matsayin tsohon ƙarfe, da inji da allo da komai. Aka aiko cewa abin da aka samu bai rufe bashin ba.

Yanzu a bakin titin yake zama, a inda motar take da, kan kujerarsa, da wani allo ƙarami da na sa kafinta ya haɗa masa. Da magagari yake goga makulli, da hannu, idon kuma ya fara ja baya. Wanda yake sauri ba ya jira, sai ya wuce kasuwa inda ake da inji. Mutane suna tsayawa su gaishe shi, su ce ba a taɓa mai amana irinsa ba, su wuce da makullansu a aljihu. Kwaɗon nan ma na sake ganinsa, a tayar motar mai kawo mana burodi, yana ƙyalli, an yanka masa sabon makulli. Dogo ya buɗe ya rufe a gabana ba ko tangarɗa.

Ban yafe wa ofis ba, ban yafe wa kamfani ba, kuma in faɗi gaskiya shi ma ban gama yafe masa ba. Na gaya masa haka. Ya ce ya sani.

Kwanan baya da hantsi wani mai fenti ya zo shi kaɗai da ƙaramin bokiti da buroshi. Ashe hotona ya yi amfani, an gano akwai gyara a titinmu. Ya fara daga inda layin baya ya tsaya, yana tafe a durƙushe, har ya iso gaban kujerar Yaya. Ya ɗago ya ce, "Baba, ɗan ɗaga ƙafa."

Na ajiye ɗinki na miƙe, bakina cike da magana. Kafin in kai ƙofa Yaya ya ɗaga ƙafafunsa biyu sama, ya riƙe su da hannu, har buroshin ya wuce. Bai sauke ba sai da ya tambayi yaron ko fentin ya bushe.